Ku Tambaya: Wai Da Gaske Japan Ta Ba 'Yan Najeriya Gari Guda?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. A 'yan kwanakin nan saƙonnin da suka taru a wayata kusan rabinsu kan Japan ne. Da can in ka ji an ambaci Japan a Katsina to maganar mota ce ko babur ko janareta, mutum ya ɗaga kaya a kasuwa ya ce ɗan Japan ne ko ɗan Chana, shi kenan magana ta ƙare. Yanzu kuwa waya ta kawo mana ƙasar har cikin ɗaki, yara na ganin tituna tsaf a TikTok, jirgin ƙasa kamar walƙiya, su ɗauka can babu mai kwana da damuwa. Na zaɓi tambayoyi 5, kuma kamar kullum ba na sa suna sai unguwa. Abin da zan faɗa daga bin labarai ne na shekaru, sai kuma ɗan yayata da ke karatun digiri na biyu a can, wanda mukan yi waya in na fito sallar asuba, lokacin shi har ya yi azahar don sun riga mu da awa 8.

TAMBAYA, daga wani matashi ɗan acaɓa a Ƙofar Ƙaura: Malam barka da aiki. Don Allah ka warware mani wata magana, an ce gwamnatin Japan ta ware gari sukutum ta ba 'yan Najeriya, za a ba da biza ta musamman da aiki da gida. Wani a gurup ɗinmu na WhatsApp ya ce kowa ya tura dubu 150 a sa sunanshi a lis kafin a rufe, ni har na fara tunanin saida babur ɗina. Mi ka gani?

AMSA: Ƙanena kada ka saida babur ɗin nan, wallahi kada ka saida, kuma ko sisi kada ka tura. Babu garin da aka ba mu, babu biza ta musamman, kuma shirin da aka jingina maganar a kanshi ma an soke shi.

Ga yadda abin ya faro. A watan Agusta na 2025 an yi babban taron Japan da ƙasashen Afirka, wanda suke kira TICAD, karo na 9, a birnin Yokohama. A gefen taron hukumarsu ta tallafa wa ƙasashe, JICA, ta sanar da cewa ta haɗa garuruwan Japan 4 da ƙasashen Afirka 4 don zumunci. Kisarazu da Najeriya, Nagai da Tanzaniya, Sanjo da Gana, Imabari da Mozambik. Zumuncin nan irin na musayar ziyara ne, ɗalibai, wasanni, al'adu, kuma Kisarazu ba haka kawai aka zaɓe ta ba, ita ce garin da ya karɓi baƙuncin 'yan wasanmu lokacin gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021. Sai sanarwa ta fito daga ɓangaren gwamnatinmu cewa Japan za ta ƙirƙiro biza ta musamman don matasan Najeriya masu ƙwarewa su je su zauna su yi aiki a Kisarazu. Daga nan wuta ta kama. Mu nan ana murna ana turawa gurup gurup, su can mutanen gari hankalinsu ya tashi, aka riƙa kiran ofishin magajin gari ba dare ba rana ana cewa an saida masu gari. Ma'aikatar harkokin wajen Japan ta fito ta ce babu wannan magana, namu suka gyara sanarwar, kuma kafin watan Satumba ya ƙare JICA ta janye shirin gaba ɗaya.

Ni abin da ya tsaya mani a rai shi ne wani dare a teburin mai shayi kusa da Ƙofar Soro, samari uku sun haɗa kai kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi suna cike wani fom, ɗaya na tambaya yaya ake rubuta Kisarazu, ɗaya ya ce mahaifiyarshi ta yarda za ta saida tumakinta biyu. Na ce su nuna mani fom ɗin, ko tambarin ofishin jakadanci babu, sai lambar akawun ta wani mutum a ƙasa. Har shayina ya huce ina masu bayani, biyu suka yarda, na ukun ya tashi yana ganin kamar baƙin ciki nake mashi. Ban ga laifinshi ba, wanda ya gama makaranta shekara 4 yana zaune dole duk ƙofar da aka nuna mashi ya ruga.

Kuma ya kamata ka san yanayin da ake ciki a can. Japan na tsufa, kusan mutum 3 cikin 10 sun haura shekara 65, jariran da 'yan ƙasar suka haifa a 2024 ba su kai 700,000 ba a ƙasa mai mutum wajen miliyan 124. Suna buƙatar ma'aikata ƙwarai a gidajen kula da tsofaffi da gine-gine da gona, amma zuciyar mutane da yawa ba ta sake da baƙi ba. Baƙin da ke zaune a ƙasar duka duka wajen kashi 3 cikin 100 ne, amma a zaɓen majalisar dattawa na Yulin 2025 wata jam'iyya mai suna Sanseito da ke kamfe da taken 'yan Japan su ne farko ta ci kujeru 14. To cikin wannan zafin ne maganar Kisarazu ta faɗo.

In da gaske kana son zuwa, hanyoyin a buɗe suke amma dogaye ne. Akwai tallafin karatu na gwamnatinsu da ake kira MEXT, ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja ake nema kuma ba a biyan kowa kuɗin fom. Akwai shirin ABE na matasan Afirka masu son digiri na biyu tare da sanin makamar aiki a kamfanoninsu. Akwai bizar masu sana'a da suka fara a 2019, ita kuma sai ka ci jarabawar yarensu da ta sana'ar, kuma yaren nan ba wasa ba ne, rubutu iri 3 suke haɗawa, ɗaya daga ciki haruffan da ake buƙata yau da kullum sun haura 2,000. Wanda kuma ya ce maka ka shiga da bizar yawon buɗe ido ka nemi mafaka, cutarka zai yi, a 2023 mutum 303 kacal suka amince da su a matsayin 'yan gudun hijira cikin sama da 13,000 da suka nema. Sannan a matsayinka na Musulmi ka sa wannan a lissafi, fiye da kashi 99 cikin 100 na mamatansu ƙonawa ake yi, maƙabartun Musulmi kaɗan ne kuma nesa da juna, ɗan yayata ya ce wannan ita ce maganar da ta fi damun 'yan'uwa a masallacinsu. Riƙe babur ɗinka, ka fita daga gurup ɗin nan, kuma ka gaya wa sauran.

TAMBAYA, daga mai gidan kallon ƙwallo a Sabuwar Unguwa: Malam kullum sai an yi musu a gidana, wai tsakanin Super Eagles da Japan wa ya fi? Ni dai na ce muna da Osimhen da Lookman, su wa gare su? Ka raba mana gardama.

AMSA: Ɗan'uwa in ɗan wasa ɗaya ɗaya za a jera, ina tare da kai, ba su da ɗan gaba kamar Osimhen. Amma ƙwallo mutum 11 ke bugawa, kuma sakamako ya riga ya raba gardamar. Tun 1998 da suka fara zuwa kofin duniya ba su ƙara fashi ba, kuma su ne ƙasar farko da ta ci tikitin 2026 a fili, tun watan Maris na 2025. Mu kuwa Gana ta hana mu zuwa Katar, Kwango ta fitar da mu a fenariti a hanyar 2026, sau biyu a jere ke nan.

Na tuna ranar da suka buga da Jamus a Katar, Nuwamba 2022, wasan ƙarfe biyu na rana ne a wajenmu, gidan kallo ya cika ana gumi janareta na ruri a bayan zana. Jamus ta ci fenariti kowa ya ce shi kenan za a yi masu ruwan ƙwallaye, wasu har sun fita alwala. Aka dawo hutun rabin lokaci kocinsu Moriyasu ya yi ta sauya 'yan wasa, Doan ya rama, Asano ya ƙara daga wani lungu da ba wanda ya zaci ƙwallo za ta shiga, benci ya kife da mutane saboda tsalle. Bayan kwana 8 suka yi wa Sifaniya irin haka, 2 da 1. Kuroshiya ce ta cire su a fenariti. A Oktoban 2025 kuma Burazil ta fara cin su 2, suka dawo suka ci 3, karon farko a tarihinsu.

Ba sa'a ba ce. Lig ɗinsu na ƙwararru a 1993 aka fara shi da kulob 10, yau 60 ne a rukuni 3, ana biyan albashi, ana buga wasa ranar da aka sa. Gasar makarantun sakandare kuwa wasan ƙarshe a babban filin ƙasa ake yinta, mutum sama da 50,000 su cika a nuna a talabijin. Mitoma na Brighton sai da ya yi jami'a tukuna, har binciken kammala karatunshi kan yanka da ƙwallo ya yi. Mu nan yaro zai taso a filin unguwa ba takalmi ya fi Mitoma ƙafa, amma daga filin nan zuwa Katsina United babu tsani, sai wanda ya san wani. Ku je filin Ƙarƙanda ranar wasa ku ga ƙaunar da mutanenmu ke wa ƙwallo, ba ta gaza ta kowa ba, gasar makarantu ce muka bari ta mutu.

Ga abin da za ka riƙe na kare kai in musu ya yi zafi. A Olamfik na 2016 a Burazil yaranmu sun sauka Manaus 'yan awoyi kafin wasa saboda rikicin kuɗin jirgi, suka shiga fili suka ci Japan 5 da 4, Etebo ya ci 4, Sadiq Umar ya ci ɗaya. Kuma wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, da ya ji halin da suke ciki shi ya ɗauki kuɗinshi ya kai masu kyauta bayan sun ci tagulla.

TAMBAYA, daga wani dattijo tsohon ɗan kokawa a Daura, jikanshi ya rubuto: Wai ƙattin nan masu ƙiba da ake nunawa suna ture juna, kokawa ce ko mi?

AMSA: Baba kokawa ce, sumo suke ce mata, kuma za ka gane ta da kallo ɗaya don ƙa'idarta 'yar'uwar tamu ce, wanda wani sashe na jikinshi ya taɓa ƙasa ban da tafin ƙafa ya faɗi. Ƙarin da suka yi shi ne da'ira, in aka tura ka waje ma ka faɗi. Babu rabon nauyi, ƙarami na karawa da babba. Manyan gasa 6 ne a shekara, kowace kwana 15, kuma gishirin da ka ga suna watsawa na tsarkake fili ne a addininsu na gargajiya. Yaran a gidan maigidansu suke kwana su tashi, su yi shara su yi girki su yi wa manya hidima kafin a ba su fili. Wanda ya fi kowa cin gasa a tarihi, Hakuho, sau 45, ba ma ɗan Japan ba ne asali, daga Mongoliya ya zo yana yaro. Allah ya ƙara lafiya Baba.

TAMBAYA, daga wata malamar firamare a Funtuwa: Malam na ji a rediyo wai wani minista a Japan ya sauka daga muƙami saboda maganar shinkafa kawai. Da gaske ne? Kuma mi ya sa kullum suke canza shugaba?

AMSA: Malama da gaske ne. Sunanshi Taku Eto, ministan noma, a watan Mayu na 2025. Lokacin shinkafa ta yi tsada, ƙaramin buhu mai kilo 5 ya haura yen 4,000 a kuɗinsu, kusan ninki biyu na shekarar da ta gabata, sai ya tsaya gaban jama'a ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba don magoya bayanshi na kawo mashi har ta yi yawa. Cikin 'yan kwanaki ya ajiye aiki. Wanda ya gaje shi, Shinjiro Koizumi, ya buɗe rumbun gwamnati aka riƙa saida tsohuwar ajiya kai tsaye ga manyan kantuna da rahusa.

Dalilin tsadar zai yi maki kama da na gida. Shekaru da dama gwamnatinsu na ƙarfafa manoma su rage noman shinkafa don kada farashi ya faɗi, ta waje kuma an ɗora mata haraji mai nauyi, manoman sun tsufa yawancinsu sun doshi 70, sai zafi ya lalata amfanin 2023, sai a Agustan 2024 aka yi gargaɗin babbar girgizar ƙasa mutane suka ruga suka kwashe ta kantuna. Mu da muka ga yadda kwano ya tashi bayan an rufe boda a 2019, daga Jibiya har Kwangwalam, mun san abin da ke faruwa in an toshe ta waje alhali ta gida ba ta isa ba. Bambancin shi ne can mai riƙe da muƙami ya san baki zai iya cin kujerarshi, kuma wannan ina yaba masu ba tare da wani amma ba.

Canjin shugaba kuwa tsarinsu ne irin namu na jamhuriya ta farko lokacin Tafawa Ɓalewa, majalisa ke zaɓen firaminista, Sarki Naruhito yana nan ana girmama shi amma ba ya mulki. In jam'iyya ta ga shugabanta zai ja ta ƙasa sai ta sauya shi. Shinzo Abe ya sauka 2020, Suga ya yi shekara ɗaya, Kishida ya yi 3, Ishiba ɗaya bayan ya rasa rinjaye a majalisun biyu, sai Sanae Takaichi a Oktoban 2025, mace ta farko da ta hau kujerar. Amma Malama ki lura, duk waɗannan 'yan jam'iyya ɗaya ne, LDP, wadda ke mulki tun 1955 in ban da ɗan tsakani sau biyu, na 1993 zuwa 1994 da na 2009 zuwa 2012. Riga ake canzawa, jiki ɗaya ne. Siyasar gado ma tana nan daram, kakan Abe ya yi firaminista, mahaifin Koizumi ma ya yi. A ƙarshen 2023 kuma asirin 'yan majalisarsu da yawa ya tonu kan kuɗin tikitin liyafar tara gudummawa da suka riƙa sawa aljihu ba a rubuta ba. Saboda haka su ma ba waliyyai ba ne. Wani abu da ya burge ni dai, kamfen na majalisar wakilai kwana 12 ne kacal, kuma mai zaɓe da hannunshi yake rubuta sunan ɗan takara a takarda.

TAMBAYA, daga wani manomi ɗan Batsari da yanzu ke zaune gidan ƙanenshi a cikin Katsina: Malam shekara 3 rabona da gonata saboda ɓarayin daji. Yarona ya nuna mani bidiyo wai a Japan in ka yar da walat ana maido maka, yara ƙanana na tafiya makaranta su kaɗai. Shin su ba su da ɓarayi ne? Mi suka yi da mu ba mu yi ba?

AMSA: Alhaji Allah ya mayar da kai gonarka lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Tambayarka ita ta fi daɗewa a raina, sau uku ina fara amsa ina gogewa.

Abin da yaronka ya nuna maka gaskiya ne. A Tokiyo kaɗai tsabar kuɗin tsintuwa da mutane ke kai wa 'yan sanda a shekara na kai yen biliyan 4, kuma mafi yawa na komawa hannun masu shi. Amma ba kyan hali ne kaɗai ba, an gina abin da doka, wanda ya tsinta yana da haƙƙin tukuici kashi 5 zuwa 20 cikin 100, in wata 3 ya wuce mai kaya bai zo ba ya zama nashi. Sannan wurin kaiwa kusa yake. Suna da 'yan ƙananan ofisoshin 'yan sanda da suke kira koban, dubbai, a bakin tasha da kasuwa da cikin unguwa, a ƙauye kuma ɗan sanda da iyalinshi a nan yake zaune, ya san gida gida. Ɗan yayata ya taɓa mantuwa da jakarshi a jirgin ƙasa, fasfo da komai na ciki, washegari ya je ya sa hannu ya karɓa, ko katin waya bai ɓace ba. Ya ce abin da ya fi taɓa shi shi ne ɗan sandan da ya rusuna mashi.

Babban abin da ya shafe ka kuwa shi ne bindiga. Ƙaramar bindiga haramun ce ga farar hula kwata-kwata. Ta farauta sai ka yi aji, ka ci jarabawa, likita ya duba hankalinka, 'yan sanda su binciki tarihinka su ga inda za ka ajiye ta, kuma duk shekara 3 ka sabunta. A 2021 mutum ɗaya ne aka kashe da bindiga a duk faɗin ƙasar. Shi ya sa da aka harbe tsohon firaminista Shinzo Abe ranar 8 ga Yuli 2022 yana kamfe a garin Nara ƙasar ta girgiza, kuma ko shi maharbin da hannunshi ya haɗa bindigar da bututun ƙarfe don bai da inda zai saya. Haushin wata ƙungiyar addini da mahaifiyarshi ta ba dukiyar gidansu har suka talauce ya sauke kan Abe, don yana ganin Abe na da alaƙa da su. Gaskiya kuma sai an faɗa, ƙasa ta taimake su, tsibiri ne teku ya kewaye, ba su da boda irin tamu da Nijar mai ɗaruruwan hanyoyin daji, ba su da dajin Rugu. Ba zan ce maka mu kwafi Japan gobe ɓarayi su ƙare ba. Amma ɗan sanda da ke kwana cikin ƙauye, wanda mutane suka sani suka yarda da shi, wannan ba sai da teku ba.

Ɓarayi kam suna da su. Akwai ƙungiyoyin yakuza, a shekarun 1960 sun kai mutum 180,000, yanzu sun dawo wajen 20,000, kuma ba da yaƙi aka karya su ba, doka aka yi cewa ɗan ƙungiya ba ya buɗe akawun a banki, ba ya kama hayar gida, duk wanda ya yi kasuwanci da su shi ma ya shiga uku. Aka bi ta kuɗi aka shaƙe su, kuma wannan ya kamata masu tsaronmu su duba da kyau, wa ke saida wa daji mai da burodi, ina kuɗin fansa ke shiga. Akwai kuma 'yan damfarar waya, su kira tsohuwa da muryar kuka su ce ni ne, ni ne, na shiga matsala turo kuɗi, ta ɗauka ɗanta ne. A 2024 irin wannan damfara ta ci sama da yen biliyan 70. Har tsofaffi ake kamawa da satar abinci a kanti, wasu talauci wasu kaɗaici, don akwai wanda zai mutu a ɗaki a yi makonni ba a sani ba, abin da kai da ƙanenka ya buɗe wa ƙofa ba za ka gane shi da sauƙi ba.

Akwai kuma gefen da bidiyo ba ya nunawa, kuma shi ya sa ba na son a riƙa cewa a kama kawai a hukunta kamar Japan. Can ana iya tsare mutum kwana 23 kafin a gurfanar da shi, ana mashi tambayoyi ba lauya a ɗakin, kuma in aka kai ka kotu fiye da kashi 99 cikin 100 hukunci ne. Wani tsohon ɗan dambe, Iwao Hakamada, an kama shi a 1966 kan kisan mutum 4, maigidanshi da iyalin maigidan, aka tsare shi ana matsa mashi kusan kwana 20 har ya amsa, a kotu ya ce tilasta shi aka yi, aka yanke mashi hukuncin rataya a 1968. A tsarinsu ba a gaya maka ranar sai safiyar da za a yi, ka duba mutum ya yi sama da shekara 40 duk asuba yana sauraren takun takalmi. An sake shi a 2014 hankalinshi ya riga ya taɓu, sai a Satumban 2024 kotu ta wanke shi ta ce hujjojin ƙirƙira aka yi, yana da shekara 88. Duk tsawon wannan lokaci yayarshi Hideko ce ta tsaya mashi, ta tsufa tana zirga-zirgar kotu, ranar da aka wanke shi tana da shekara 91.

Ita nake tunawa duk lokacin da na bi ta ƙofar gidan yari ranar ziyara. Akwai wata dattijuwa da nake yawan gani can, kwanon samira ɗaure cikin ɗankwali, ta zauna gindin katanga tana jiran a kira. Rannan na tsaya muka gaisa, na ce Inna wa gare ki a ciki, ta ce ɗanta ne, an kwaso su a kame bayan wani hari a garinsu, shekara biyu ke nan ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Ta ce tuwon dawa ne da miyar kuka, tun asuba ta tuƙa, tana tsoron kada ya huce kafin a kira sunanta.